Rigar da Mutari Bai Tuɓe Ba

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Mutari mai tur. Ba sai na duba kalanda ba, domin ran da ya rasu ne aka raɗa wa 'yarsa suna, kuma yarinyar, Zuwaira, ga ta nan kullum tana wucewa ta ƙofar shagona da tsayi irin na uban. Ni tela ne a Zango, a nan Damagaram, Ilu ake ce mini. Bango ɗaya ya raba kekena da injinsa tun muna samari har ranar da aka fito da shi. Na daɗe ina cewa zan rubuta wani abu a kansa, amma da na ɗauki biro sai in ji na gaji tun ban fara ba. Abin da ya faru bana ne ya hana ni ajiye biron.

Ga wanda bai san tur ba, inji ne mai tsawon gado. Yana damƙe ƙarfe a bakinsa ya riƙa juya shi da gudu, mai aiki kuma ya matso da wuƙa yana feƙewa har ƙarfen ya zo daidai awo. Masu injin niƙa, masu famfon lambu, direbobin manyan motoci, duk wanda wani abu ya karye masa kuma babu irinsa a kanti, wurin Mutari yake ƙarewa. Ni ban taɓa kama injin ba, amma na san dokokinsa kamar yadda maƙwabcin masallaci ke sanin lokacin salla, saboda ta bango nake jin ana nanata su.

A bakin ƙofarsa daga ciki akwai wata doguwar ƙusa. Duk wanda zai kusanci injin sai ya rataye abin da ke lilo a jikinsa: babbar riga, rawani, agogo, zobe, har laya. A kan laya an sha rigima da iyayen yara. Shi kuwa sai ya ce layar tana tsare mutum ko tana rataye a ƙusa, amma igiyarta ba ta da wannan alkawari da inji. Sabon ɗan koyo kuwa, ranar farko wurina ake turo shi. Sai ya zo da rigarsa mai kyau yana murna, yana zaton aiki za a yi masa a wuya, ni kuma in sa almakashi in datse hannuwan daga gwiwar hannu. Na ga samari da gemu suna share hawaye a kan hannun riga.

Bayan an yanke riga ma ba a ba ka ƙarfe. Sai ka yi ta koyon kashe injin, da hannun dama, da na hagu, da ido a rufe, har Mutari ya gamsu. Ba a share ɓarɓashin ƙarfe da yatsa, akwai ƙugiya da buroshi. Ba a sa safar hannu, ba a aiki babu tabarau, ba a auna ƙarfe yana juyawa. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a kashe inji nan take, don kuran ba ya sallama in zai dawo. A rufin kwanonsa akwai wani rami da ya ƙi toshewa, da damina sai a tara gwangwani a ƙarƙashi. Makullin da ake ɗaure ƙarfe da shi ne wani ya manta a bakin injin, aka tayar, makullin ya tashi ya fasa kwano. Kowane ɗan koyo sai an ɗaga masa haɓa ya kalli ramin, a tambaye shi ko goshinsa ya fi kwano tauri.

Wannan mutumin ne injin ya kama ta riga.

Ranar suna ce, kamar yadda na faɗa. Surukinsa, Malam Nomau, manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram Takaya. Ya zo suna, kuma kamar yadda mutanen karkara ke yi in za su shigo birni, bai zo hannu rabbana ba. Ya ƙunso sandar ƙarfen injin niƙan garinsu da ta cinye, mata can sun koma turmi. Bayan an shafa fatiha an raba goro, sai ya kwance ƙunshin ya nuna wa Mutari, ya ce motar kasuwa za ta koma da azahar. Bai ce a yi yanzu ba. Suruki ba ya buƙatar ya ce.

Mutari yana cikin babbar riga fara, ta shadda. Ya ce aikin ba wani mai yawa ba ne, suka taho tare. 'Yan koyo duk suna gidan suna wajen tuwo. Tsohon ya bi shi har ciki don bai taɓa ganin irin injin ba, ya tsaya gefe yana kallo da hannu a baya. To, a garin nan wane ɗa ne zai tuɓe riga ya tsaya da singileti a gaban uban matarsa, ranar sunan 'yarsa ta fari? Wane ne kuma zai ce wa suruki ya fita waje ya jira? Mutari ya naɗe hannuwan rigar a kafaɗa kamar yadda muke yi in za mu yi alwala, ya tayar da inji. Ina shagona na zo ɗaukar hula, na ji ƙarar ta canza. Ba zan rubuta abin da na tarar ba. Ni na kashe injin, don na sha jin inda ake dannawa. Kafin la'asar ya cika a asibiti. Abin da idona ya riƙe har yau shi ne ƙusar nan a bakin ƙofa, babu komai a jikinta.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ban taɓa musun wannan ba. Sai dai na gaji da yadda muke faɗar maganar don mu rufe bakin duk wata magana. Babu wanda ya ce wa Malam Nomau uffan, shi ma bai ce ba. Ya daina biyowa ta layinmu. Abin da ya fi ba ni tausayi, bai taɓa yi wa Zuwaira wasan kaka da jika ba. Sauran jikokinsa mata yana ce musu matana, yana ƙorafin ba su iya miya ba. Ita kuwa gaishe ta yake yi kamar baƙuwa, ya sunkuyar da kai.

Nakan tambayi kaina, da Mutari zai leƙo Zango yau, me zai ce? Zai tarar baburan kabu-kabu sun cika layi, kayan gyara na zuwa a kwali, in abu ya lalace a jefar a sayi wani. Zai ga samari a wasu shagunan suna koyon tur daga bidiyon salula, da safar hannu, da igiyar sauraron waƙa tana reto a ƙirji daidai bakin inji. Ina jin da ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Ni na taɓa yi wa ɗaya magana, ya cire igiyar daga kunne ɗaya, ya ce, "Tsoho, ɗinki ka kawo?" Ban sake ba.

Abin da ban sani ba shi ne me zai ce game da 'yarsa. Zuwaira ta gama lakwal, wato makarantar boko, ta shiga cibiyar koyon sana'a, kuma cikin duk abin da ake koyarwa ba ta zaɓi komai ba sai tur. Ba zan yi wa mamaci ƙarya in ce da ya yi murna ba. Mutumin zamaninsa ne, mai yiwuwa da ya hana. Amma ba ya nan, kuma injinsa yana nan a kulle ƙarƙashin tamfol tun da ɗan koyonsa na ƙarshe ya tafi neman zinariya arewa. Mushen cibiyar, malamin da ya koyar da ita, ya zo ya duba, ya ce da mai da 'yan gyare-gyare injin zai binne mu duka.

Makullin shagon yana hannun Alhaji Laminu, wan Mutari. Ba mugun mutum ba ne, shi ya riƙe yarinyar. Ya ce ƙofar nan a titi take, direbobi da 'yan kabu-kabu ke tsayawa, 'yar gidansu ba za ta tsaya a gabansu da kayan aiki ba. Ko ta yi aikin cikin dogon hijabinta yadda take fita, ko ya kira masu sayen ƙarfe a kilo su kwashe injin. Na je na same shi, na tuna masa abin da ya sani. Ya ce, "Ilu, ka tsaya a ɗinkinka. Mutunci ba abin ratayewa a ƙusa ba ne."

Ba taurin Alhaji ne ya hana ni sukuni ba, amincewar yarinyar ce. Ta shigo shagona ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Ilu, zan yarda kawai. Zan tattare hijabin in ɗaure shi a baya, zan kula sosai. In ban yarda ba sayar da shi zai yi."

Na ce, "Ubanki ma ya tattare tasa a kafaɗa, kuma ya fi ki kula."

Na ga dai ba ta canza shawara ba, kunyata kawai take ji. Na zauna gaban keke ina tunanin abu ɗaya zai ci mutum biyu a gida ɗaya, kuma ni zan sake jin ƙarar ta bango. Wallahi ranar na ji tsufa ya sauko mini gaba ɗaya.

Uwar Zuwaira ce ta aika wa nata mahaifin. Malam Nomau ya zo, ya rame, yana dogara sanda, ya biyo ta layin da ya ƙaurace wa shekara ashirin. Ya nemi a buɗe shagon. Muka shiga ni da shi da Alhaji, Zuwaira ta tsaya a waje. Ya taka har wani wuri kusa da injin ya tsaya.

"Nan na tsaya, Alhaji," in ji shi. "Ina ganin yaron nan yana ta mayar da rigar kafaɗa, tana zamowa, yana mayarwa. Ban san dokar inji ba, amma na san don ni bai tuɓe ba. Da na fita shan iska, da yau shi ke aurar da 'yarsa."

Alhaji ya ce, "Haba Malam, ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, na yarda. Amma kunya ta ci mini ɗaya a ɗakin nan, ba za ta ci na biyu ina raye ba. In ƙofa ce damuwarka, ni zan zauna a ƙofar. Wanda ya kawo aiki ya ba ni, ni in miƙa mata."

Alhaji bai ce ya yarda ba. Ya dai ajiye makullin a kan tamfol ya fita, kuma har yau gaisuwarmu da shi ba ta wuce lafiya lau.

Ni na ɗinka mata kayan aiki: riga mai kama jiki da maɓalli a wuyan hannu, wando, da ɗankwali matsattse da ke rufe kai da wuya ya shige cikin riga, babu bakin da ke reto. Na rataya labulen buhu nesa da injin. Tsohon ya bar wa 'ya'yansa gona, ya dawo birnin da bai taɓa so ba. Yana shimfiɗa buzu a bakin ƙofa, fuskarsa na kallon titi, bayansa na kallon inji. Bai taɓa waiwayawa ba.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Aiki kaɗan ne, wasu in sun ji mace ce a ciki sai su naɗe ƙarfensu su wuce. Tsohon ba zai dawwama a kan buzun nan ba, Alhaji kuma jira yake. Ni kaina duk lokacin da injin ya tashi sai ƙafata ta tsaya a kan keke, in kasa kunne har in ji ƙarar ta daidaita.

In aka tambaye ni me ya rage na Mutari, ba shi da yawa. Bai bar gida ba, bai bar hoto mai kyau ba. Akwai dattawa a garajojin Damagaram, tsofaffin 'yan koyonsa, da har yau ba sa iya sa riga mai dogon hannu, akwai ramin kwano da Zuwaira ta hana a toshe, akwai kuma ƙusa. Dokarsa ta tsare kowa ban da shi, kuma wannan ne abin da har yanzu ban iya haɗiyewa ba.

Kowace safiya, kafin in zura zare, ina jin su ta bango. Tsohon da bai taɓa yi mata wasa ba yakan ɗaga murya, idonsa a titi.

"Ke uwargidana, marar iya miya, kin rataye?"

"Na rataye, tsoho."

"Duka?"

"Duka."

"To, tayar."

Sai na leƙa na ga hijabin a jikin ƙusa nake komawa kan kekena.