Shanun da Baba Bai Taɓa Ƙirgawa Ba

Tun motar Baba ba ta shigo Madawa ba muke sanin ya iso. Yana da yadda yake danna oda daga bakin gari, biyu gajeru ɗaya dogo, Inna na ji sai ta ajiye ko me take yi ta ɗora ruwan wanka. Ya shigo gida yana warin albasa, riga da hula, har kuɗin alewar da yake raba mana. Ni ce babbar 'yarsa, ni ke karɓar jakar. Har yau idan na ratsa inda ake ɗura albasa a buhu sai na rage tafiya, mutane suna toshe hanci ni ina tuna ubana.

Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana jan babbar motar wani Alhaji. Daga Galmi da fadamun Keita ya ɗauki albasa zuwa Kwatano, ko Lome, ko Abijan, wani lokaci a tura shi arewa Agadas, hanyar da ya tsana saboda yashi da cin taya. Albashinsa na wata ba wani abin kirki ba ne, kuma bai ma taɓa kwana a aljihunsa ba. Hannun Inna yake wucewa gaba ɗaya, ita ke sayen hatsi da kaka tun yana da araha, ita ke yin cefane da kuɗin lakwal ɗinmu, wato makaranta. Abin da Baba yake kira nasa shi ne ragowar kuɗin hanya. Alhaji yakan ba direba kuɗin abinci da na jandarmomi da 'yan duwan masu karɓar harajin kaya a kan iyaka, abin da ya rage kuma ba a tambaya. Abokansa su ci tsire da shayi mai madara a kowace tasha, shi kuwa garin rogo da ƙuli Inna take ƙulla masa. Ana yi masa tsiya, ana ce masa direban gari da ƙuli, ko a jikinsa. Canjin da ya rage ya jefa cikin wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin kujerar mota.

Idan lokacin albasa ya ƙare sai ya juye gwangwanin, ya tafi kasuwar Buza ya sayi karsana guda, ya kora ta rugar amininsa a dajin Karofane. Wannan aminin Bafillace ne dogo marar yawan magana, Baffa muke ce masa. Tun suna samari suka saba. Shi ke kiwo, nono nasa ne, saniya da abin da ta haifa na Baba. Babu takarda, babu shaidu, ko tsagar kunne Baba bai taɓa yi wa saniya ɗaya ba, wai yin haka kamar ce wa mutum ba ka yarda da shi ba ne.

Inna kam abin yana ci mata rai. Maƙwabcinmu mushe ne, wato malamin makaranta, da ya ajiye koyarwa, kowane lokaci ya sa babbar riga ya je ya karɓo kuɗin fanshonsa. Takan leƙa shi ta katanga ta ce, "Malam, ka ga masu hankali. Kai in ƙarhi ya ƙare mi za mu ci?"

Baba ya ce, "Nawa hwanshon shina daji shina cin ciyawa."

"To su nawa na?"

"Allah Ya san adadinsu."

Ba wasa yake yi ba, bai sani ba. A wurinsu ba a tambayar makiyayi yawan shanu, ba a kuma tsayawa gaban garke ana nuni da yatsa. Ni na koyi haka ta hanya mai zafi. Ina aji huɗu, kaina yana hayaƙi da lissafi, Baba ya tafi da ni rugar. Muna zaune ana dama mana fura na buɗe baki na ce, "Baffa, shanun Baba nawa na cikin waɗannan?" Matar da ke damun ta tsaya da ludayi a hannu. Baffa ya dubi ƙasa. Sai da muka kama hanya sannan Baba ya ce na kunyata shi kunyar da jandarma bai taɓa ba shi ba. Na yi kuka har Buza, kuma gaskiya ban ga laifina ba a ranar.

Haka aka yi ta tafiya har na girma na fara koyarwa. Sai ido ya fara ba Baba matsala. Ya ɓoye, ya yi ta ɓoyewa, har ranar da ya goga motar a jikin ginin tasha da rana tsaka. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ta tafi. Alhaji ba mugun mutum ba ne, ya karɓi makullinsa ya ba shi buhun shinkafa biyu da turmin shadda da addu'a mai tsawo. Iyakar sallamar ke nan, bayan shekara ashirin da ɗoriya.

Abin ya haɗu da shekarar da damina ta yi gardama. Ciyawa ta ƙare tun kafin rani ya yi nisa, makiyaya suka gangara kudu, Baffa yana cikinsu. Damina ta zagayo bai dawo ba. Wata daminar ta sake zagayowa, shiru. Shinkafar Alhaji ta ƙare tun tuni, ƙannena huɗu suna gida, albashina ba ya kai mu tsakiyar wata. Inna ta sayar da tasoshinta na aure ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙara yin maganar mushe ba, kuma shirun nata ya fi gorin ciwo. Baba yana zaune a zaure da rediyo, duk motar da ta wuce sai ya faɗi irinta da abin da ke damun injinta.

Ni ce na kasa haƙuri. Wata ranar da muka wuni da kunu na tsaya a kansa na ce, "Baba, shekara ashirin kana cin gari da ƙuli don ka tara ma wani. Ko takarda guda ba ka da ita." Bakina ya riga hankalina, kuma har gobe ina jin kunyar wannan magana. Ya kashe rediyon ya ce, "Shina tahowa." 

Bayan kaka wani mai sayar da nono ya kawo saƙo cewa Baffa ya sauka a tsohon wurinsa. Washegari na riƙe hannun Baba muka shiga motar kasuwa zuwa Karofane, daga nan muka hau amalanken jaki. Da hantsi muka same shi bakin rijiya. Da ƙyar na gane shi, ya rame ya rankwafa, garken kuma da a da yake cika kwarin nan yanzu inuwar gawo biyu ta ishe shi. Suka riƙe hannun juna suka yi ta gaisuwa kamar jiya suka rabu. Baffa ya lura da idon.

Can ya juya wajen shanun ya ɗaga murya ya ce, "Kwatano." Wata jar saniya tsohuwa ta ɗago kai ta taho. Ya kama hannun Baba ya ɗora a wuyanta.

Ashe duk karsanar da Baba ya kai, sai Baffa ya tambaye shi daga wace tafiya ya fito, ya sa mata sunan garin, 'ya'yanta kuma su gaji sunan uwarsu. Baba kansa bai san haka ba sai ranar. Baffa ya yi ta kira suna zuwa, Lome da ɗiyarta, jikanyar Kumasi, Agadas mai karyayyen ƙaho. Ya ce Abijan ta faɗi a hanya amma ta bar maraƙa. Ya ce gidan Gaya duk sun ƙare, ya faɗi inda kowace ta mutu. Baba yana shafa su yana cewa wannan shekarar ce gada ta karye muka yi kwana tara, wannan kuma shekarar da aka haifi auta. Hawaye yana bin gemunsa bai damu ya share ba.

Da Baffa ya gama sai Baba ya ce, "To naka hwa?"

Baffa ya ce suna nan. Matarsa ce ta gaya mini a gefe cewa uku suka rage. Nasa ya yi ta sayarwa a kudu yana sayen dusa da harawa, don ya ce ba zai iya dawowa ya dubi mai amana da igiya kawai a hannu ba. Na tuna abin da na faɗa a zaure, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dole a sayar da guda a sayi hatsi. Baffa ya ce Baba ya zaɓa. Ko tunani bai yi ba ya ce, "A kai Agadas. Wannan hanya ba ta taɓa yi min daɗi ba." Baffa ya yi dariya har da tari. Sannan Baba ya ce ɗiyar Lome da maraƙar Abijan sun zama na Baffa, kuma in ya yi musu ba zai ƙara shan furarsa ba.

Muka hau amalanke muka kama hanyar gida. Sai Baba ya matso kusa da kunnena, don kada mai jakin ya ji, ya ce, "Na san halinki, kin ƙirga. Su nawa na?"

Na ƙirga kuwa, a zuci, ba da yatsa ba. Na ce, "Banda waɗanda ka ba da, sha ɗaya."

Ya sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta daga gare shi ba. A nan na gane cewa duk daminar nan biyu da yake cewa shina tahowa, tsoro ne fal cikinsa, shi kaɗai yake ɗauke da abinsa. Ya ce, "Guda kowace shekara, ko ba su haihu ba ya isa. Kar ki hwaɗa ma Innarki na tambaya."

Ban faɗa mata ba. Shekara tara ya yi bayan nan, kowace kaka a kai guda kasuwar Buza, kuma kullum shi ke zaɓen wadda za ta tafi. Kwatano ce kaɗai bai taɓa yarda a taɓa ba, ta mutu don kanta a rugar Baffa wata biyu kafin shi.