Yadda Na Kai Shanu Ashirin Maradun Cikin Aljihu

Bari in fara da tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni, Tunau mahauci na Bakura, da furfurata da hankalina, na taɓa biyan kuɗin mota don in raka marafan kwalba.

Litinin: Bakura zuwa Mafara

Lokacin ana aikin dam na Bakolori, anka ce za a zaɓi mahautan da za su riƙa kai nama kicin ɗin ma'aikata, amma sai sun yi kwas na kwana uku a Mafara. Wanda ya samu aikin nan ya huta da zaman jiran mai sayen tsire. Ana sallame asuba na fito, ƙarfe shida da kwata motar ta tashi, sule biyar. Ni da buhun albasa munka raba kujera, shi ya samu babban rabo.

Mai koyarwar wani matashi ne mai tabarau, Malam Isiyaku. Na zaci littafi zai buɗe, sai ya zazzage marafan kwalbar lemo bisa teburi.

"Kowane marfi saniya ne," in ji shi.

"Malam, wagga ta rame," na ce. Bai yi dariya ba.

Ya raba mu uku-uku: mai kiwo, mai kai kaya, mai saye. Ba magana, sai takarda. Ni da boko ya tsaya mini a bakin ƙofa, zane-zane anka riƙa yi mini ina ƙirgawa. Ƙungiyar da kayanta bai yanke ba, bai kuma taru ya yi yawa ba, ita ke da aikin dam. Ni ne mai kai kaya, mai sayenmu Alhaji Bawa na Maradun.

Talata: Mafara zuwa Maradun

Da safe babu Alhaji Bawa. An yi masa haihuwa, ya wuce gida. Ga shanu ashirin a hannuna.

"Baba Tunau, ajiye su bisa teburinsa, ƙungiyarku ta faɗi," in ji Malam.

Tun kakana ba mu barin saniya inda babu mai ita, igiya hannu da hannu ake miƙa ta. Na faɗa masa haka.

"To in sun shiga hannunsa su ashirin kafin la'asar ɗin gobe, kuna ciki."

Da murmushi ya faɗa, ni kuwa na zuba su aljihu.

A tasha na haɗu da Ɗanjumma dillalin shanu. Bayan mun gaisa har kan awakin gida, ya tambaye ni ina za ni.

"Shanu ashirin zan kai wa Alhaji Bawa. Na ma'aikatan dam."

Ban yi ƙarya ba. Ya saya mini shayi da burodi, abin da bai taɓa yi ba, don haka ban ga dalilin ƙarin bayani ba. Na dai ga yana raɗa da wani direban tifa. Tifar ta tashi ƙarfe tara, tamu ba ta cika ba sai sha biyu da rabi.

A shingen hanyar dam mai tsaro ya leƙo. "Baba, mi ka ɗauko yana ƙara?"

"Shanu."

"Ina suke?"

Na buɗe masa aljihu. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce tunda Allah ya hore mini, in ba shi ɗaya ya sha romo. Na zaɓi mai ƙiba na ba shi. Duk motar anka yi mini addu'a.

Mun isa Maradun bayan la'asar. Alhaji Bawa ya yi dariya har da hawaye, ya sauke ni a zaure, anka kawo tuwon dawa da miyar kuka.

Laraba: ƙofar gidan Alhaji Bawa

Kukan shanu ya tashe ni, na gaske. Ashe Ɗanjumma ya aika direban tifa da saƙon Alhaji Bawa na neman shanu ashirin na ma'aikatan dam. Direban ya gaya wa mutanen ƙauyen Damaga arba'in ne, don kada a raina saƙon. Kafin maganar ta kai Gidan Goga ta zama ɗari. Kowa ya koro nasa har da ƙari, kada wani ya riga shi. Wani bijimi na cin dangar maƙwabta.

"Ina babban dillalin da ya zo daga Mafara?" in ji wani dattijo mai sanda.

Alhaji Bawa ya nuna ni. Na fito da marafan na jera a ƙasa. Ban taɓa jin mutane da yawa sun yi shiru lokaci guda haka ba. Abin da ya biyo bayan shirun ba zai rubutu ba. Sai da Alhaji ya sayi bijimin nan don walimar suna sannan anka bar mu, na tattara marafan na miƙa masa, munka shiga mota.

Ƙarfe uku munka iso Mafara. Malam Isiyaku ya ji labari, ya cire tabarau, ya ce abin da yake ta koyarwa ke nan: saƙo kaɗan, in ya bi hannuwa ba bayani, sai ya kumbura. Ya sa anka tafa mini. Sannan ya ƙirga marafan hannun Alhaji Bawa. Sha tara.

"Kaya bai cika ba, Baba."

Ƙungiyar mutanen garin Morai sunka samu aikin.

Da magariba na iso Bakura lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Alhaji Bawa da har yau bai sake gayyatata suna ba. Na kwashe komai na faɗa wa uwargida Ige. Ta gama kwashe tuwo, ta ajiye mini, ta ce:

"Malam, tunda har kyautar saniya kake yi a hanya, ni shekara talatin ina tawa?"