Ranar da Murdo Cargill Ya Ƙi Karɓar Soso

Shekara goma sha tara, duk safiyar Allah, kafin jiragen kamun kifi su shigo gaɓa, Murdo Cargill yana cikin filin ƙwallon Portgarvie da ƙarfe a hannu, yana huda ƙasa don ruwan da ya kwanta ya samu hanyar tsiyayewa. Ba aikinsa ba ne, shi koci ne. Amma ƙungiya irin tamu ba ta da mai kula da fili, ba ta da mai wanki. Idan ya gama da ƙasa sai ya kwashe rigunan 'yan wasa daga igiya ya ninke, sannan ya wuce shagon katako inda yake aikin da ke ciyar da gidansa. Talata da Alhamis atisaye. Ranar Juma'a ya rubuta sunayen goma sha ɗaya da hannunsa, kuma duk wanda ya ajiye a benci sai ya bi shi har wurin aikinsa ya faɗa masa ido da ido.

Kafin nan ya yi shekara goma sha shida yana tsaron baya a ƙungiyoyi huɗu na nan Scotland. Bai taɓa ɗaga kofi ba. An karya masa hanci sau uku. Shi da abokin tsaronsa Tam Leiper, 'yan kallo suna ce musu ƙofa da sakata, domin ƙwallon da ta taso ta sama a kansu take ƙarewa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filinmu ya san al'adar. Ɗan wasa ya gwara kai ya faɗi, sai a ruga da bokiti da soso, a matse masa ruwan sanyi a ƙeya, a ɗan mare shi, a ce tashi, kai namiji ne. Ya miƙe yana tangaɗi, mu kuma mu tafa. An yi wa Murdo haka ba adadi, an yi wa Tam fiye da haka. Yau Tam yana gidan kula da tsofaffi, shekararsa sittin da ɗaya, idan matarsa ta shigo sai ya tambaye ta wa take nema. Murdo yana zuwa wurinsa kowace Lahadi ya yi masa aski.

Shekara uku da suka wuce muka zo wasan ƙarshe na kaka muna ƙasan teburi. Mu ci, mu tsira. Kunnen doki ko kashi, mu faɗa rukunin gunduma bayan shekara saba'in. Garin kakaf ya fito. Ɗan wasan gabanmu Innes Mowat, mai aikin rufin gidaje, shi ya ci mana rabin ƙwallayen kakar, shi kuma ya farke mana aka zama ɗaya da ɗaya. Saura minti ashirin da biyar aka bugo ƙwallo daga kusurwa, ya tashi sama zai sa mata kai, kansa ya haɗu da gwiwar hannun gola, ya zube kamar buhu. A rukuninmu babu likita a bakin fili. Aka rugo da bokiti, aka miƙa wa Murdo soso. Bai karɓa ba. Ya durƙusa ya riƙe fuskar Innes.

"Innes, da wa muke wasa?"

"Haba Oga, ƙalau nake. Sake ni in tashi."

"Na ce da wa muke wasa?"

Innes ya ambaci ƙungiyar da muka kara da ita makon da ya wuce.

Shugaban kwamiti, Mista Baird mahauci, ya leƙo ta saman shinge. "Murdo, jarrabawa kake ba shi? Ina ruwansa da sunansu! Nuna masa raga kawai!" Jama'a suka fashe da dariya.

"Baird, ka sayar da namanka. Wannan ba na sayarwa ba ne."

Ya ɗaga hannu ya nemi canji. Wanda ya rage a benci mai rabon wasiƙu ne ɗan shekara talatin da takwas, mai ciwon gwiwa. Innes ya fizge, yana cewa, "Wallahi Oga ka cuce ni, ka cuci garin nan." Daga baya aka fara ihu: "Tsoho ya zama ungozoma!" "Je ka gida ka yi raino!" Bakunan mutanen da ya horar da 'ya'yansu ne. Mu ne. Aka tashi ɗaya da ɗaya, muka faɗa.

Bayan kwana tara kwamiti ya sallame shi da wasiƙa, ba wanda ya iya tako ƙofar gidansa. Innes ya koma wata ƙungiya a kudu, har yau bai ce masa uffan ba. A mashaya ana cewa da an bar shi minti ashirin da biyar da ya ci, kuma da ba abin da zai same shi, ga shi nan ma yana hawa rufi lafiya lau. Wataƙila gaskiya ne. Nan ne abin ya fi ciwo. Murdo ba shi da abin da zai nuna, domin abin da ya hana faruwa ba ya da hoto. Mu kuma muna da abin nunawa: fili ya zama fadama, 'yan kallo ba sa cika sittin, mutane biyar daga cikin 'yan wasan sun watse. Garin da masana'antar kifinsa ta rufe, ƙwallo ce kaɗai ta rage masa ranar Asabar, ita ma ta tafi. Ba zan yi ƙarya in ce asarar ƙarama ce ba.

Kai ne ka san haka fiye da kowa, Murdo. Kai ne ka ba wa ƙungiyar nan gwiwoyinka da ƙuruciyar 'ya'yanka da ba ka gani ba. Ka san abin da canjin nan zai ci, ka san wa za a ɗora wa laifi, ka ɗaga hannu. Tsayayye, mai kallon mutum a ido. Na tambaye ka sau ɗaya ko ka yi nadama, ka ce, "Kullum. Amma in aka sake, haka zan yi." Matarka ta ce bara ka tsaya a tsakiyar titin da aka haife ka, ka rasa inda gida yake. Ka hana ta faɗa, na kuma saɓa maka, domin ina so waɗanda suka yi maka ihu su sani tun kana iya gane su.

Mun gode, Murdo Cargill. Godiyar ta makara, kuma ba ta kowa ba ce, ta 'yan kaɗan ce.

Ga sauran masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyi, ba zan yi muku daɗin baki ba. Idan ɗan wani ya faɗi a gabanku bai san inda yake ba, ku fitar da shi. Za a zage ku, za a kore ku, shi kansa ba zai gode muku ba. Ku fitar da shi.