Abin da Glenys Ta Ɓoye a Bayan Lasifika

Duk wanda ya san Cradley Heath ya san Glenys Pargeter, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce matar nan mai furfura da ta shekara talatin da ɗaya tana soya kifi da dankali kusa da tashar bas, wadda in ka ce ta ƙara maka gishiri sai ta ce, "Hawan jininka ne, ba nawa ba." Bakinta ba linzami, amma ba a taɓa jin wanda ya fita shagonta da yunwa ba.

Ƙaninta Clive shi ne mawaƙin ƙungiyar kiɗan Iron Oliver. Kada ka wahalar da kanka, ba ka san su ba, kuma abin da ke ƙona mana rai ke nan. Samari huɗu ne, duk 'yan maƙerar sarƙa, suka ari sunan tsohuwar gudumar da kakanninsu ke takawa da ƙafa. Kiɗan ƙarfe suke yi, wanda duniya ke kira heavy metal, sai dai nasu ya fi na kowa sauri, don Wilf mai ganga a gindin babbar guduma yake wuni, kuma daga bugunta ya koyi kiɗa. In suka hau dandamali a zauren ma'aikata, kofuna sai su riƙa tafiya da kansu a kan tebur. Clive kuwa ɗan siriri ne kamar tsinke, amma in ya buɗe baki sai ka rasa daga ina muryar ke fitowa.

Glenys ce ke ɗinka musu tambari a bayan rigunan jins marasa hannu. Ita ke amsa wasiƙu, ita ke kwafar ɗan kaset ɗinsu mai waƙa uku ta aika wa duk wanda ya turo ambulan da kan sarki. Kaset ya je Jamus, ya je Sweden, ya je Brazil, wannan ya kwafa ya ba wancan, har muryar Clive ta koma kamar ta wanda ya faɗa rijiya. Daga baya ta auri Wilf. Ta ce don ta rage wa unguwa hayaniya ne.

A farkon 1981 suka shiga situdiyo a Birmingham, kwana biyu, suka ɗauki waƙoƙi takwas a kan babban faifan zare, irin zaren kaset, guda ɗaya mai faɗin faranti. Clive ya kawo shi shago ya ɗora a kan kanta.

"Yaya, riƙe min wannan. In na kai gida Inna za ta ɗora butar shayi a kai."

"Janye shi daga kusa da mai, shashasha. Yaushe za mu ji?"

"Sai mun sami kamfani. Na'urar da ke juya shi ta fi gidanmu tsada."

Kwana tara bayan nan babur ɗinsa ya zame a hanyar Dudley, ana ruwan sama. Shekararsa ashirin da uku.

Ko sati uku ba a yi da binne shi ba sai ga Barry mai jita, hula a hannu. Wai an sami sabon mawaƙi daga Walsall, a ba shi faifan a goge muryar Clive a ɗora ta sabon, kada wahalarsu ta tafi a banza. Abin da Glenys ta faɗa masa ba ya maimaituwa. Maƙwabta har gida uku sun ji.

Amma ta tsorata, don ta san Wilf ba ya iya ce wa aboki a'a. To, 'yan kiɗa na da dabararsu: duk abu mai daraja a cikin bayan lasifika ake ɓoye shi, saboda ɓarawon da ya fasa motar kaya ba ya iya ɗaukar akwatin da sai ƙato biyu, kuma ba ya tsayawa kwance kusoshi goma sha shida. Lasifikar Clive tana falonta, baƙar akwati mai kai mata ƙugu. Ranar da Wilf ya tafi aiki ta buɗe bayan, ta naɗe faifan a rigar jins ɗin Clive, ta cusa shi tsakanin dunƙulallun ƙarafa huɗu da ke ciki. Kusoshin da ta kwance suka riƙa tsalle suna mannewa a jikin ƙarafan, har ta yi dariya, dariyarta ta farko tun bayan jana'iza. Ta rufe. Da Wilf ya tambaya ta ce, "Yana inda hannun Barry ba zai kai ba. Ci abincinka."

Shekaru suka ja. Maƙeru suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ƙungiya ta watse, Barry ya rasu. Wasu samari a wasu ƙasashe suka yi suna da irin wannan kiɗan mai sauri, aka sa su a bangon mujallu, ba wanda ya ambaci Cradley Heath. Kunnen Wilf ya mutu: guduma ta ci rabi, ganga ta cinye saura. An ba shi na'urar ji, yana ajiye ta a kwanon maɓallai. Duk Lahadi bayan cin abincin rana yakan jona tsoffin faya-fayansa da lasifikar, ya ɗora tafin hannu a kanta don ya ji rawar katako.

Ita kuwa Glenys kullum da safe sai ta goge mata ƙura ta ce, "Ina kwana, shashasha." Waƙoƙi biyar na cikin faifan nan da ba ta taɓa ji ba, kuma babu su ko'ina a duniya sai nan. Inna ta rasu, shago ya koma hannun wasu, gwiwoyi suka fara ciwo, amma ta san wata rana ƙaninta zai buɗe baki ya rera mata abin da ba ta taɓa ji ba. Da wannan take tashi kowace safiya.

Bara da bazara wani dogon mutum mai gemu har ƙirji ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sten sunansa, mawaƙi ne daga Sweden, a ƙasarsu wai sai an yi layi kafin a gan shi. Ya zaro wani kaset da ya koɗe, Glenys ta ga rubutun hannunta a jiki.

"Ba a durƙusa wa manya a nan," in ji maƙwabciya daga baya, "amma wallahi durƙusawa ya kusa yi." Sten ya ce ba don waƙoƙin nan uku ba da yanzu motar katako yake tuƙawa.

"Sannunku," Glenys ta ce. "Kun ci moriyar ganga kun ya da kwaurenta. Shekara arba'in! Shigo, goge ƙafarka. Sukari nawa?"

Sten ya ce ya ji labarin faifan, yana so a fitar da shi da sunan Clive a gaba, har ya zo da na'urar juya shi a bayan mota. Ta ɗauko sukudireba ta nufi lasifikar. Wilf ya zaro ido daga kujerarsa.

"Yau ga mata! A nan yake duk shekarun nan? Ina ɗora hannu a kai ban sani ba?"

"Da ka sani da garin nan duk ya sani," ta ce, tana kallon fuskarsa don ya karanta leɓenta.

Da bayan ya buɗe, Sten ya leƙa, sai murmushinsa ya ɗauke.

"Tun yaushe yake nan?"

"Tun shekarar da Clive ya rasu. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

Sten ya ciro shi daga cikin rigar. Ya ɗora faifan, ya ja zare, ya danna. Sauti ya fito, shuuu, kamar mai a kasko kafin a jefa kifi. Ya tura gaba. Shuuu. Ya sake turawa. Can ƙasa-ƙasa wani abu na bugawa kamar maƙwabci na gyaran ƙofa, shi ma ya ɓace.

Sten ya juya wa Wilf baya, ya yi magana a hankali. "Ƙarafan nan maganaɗisu ne, Uwa. In muna son goge faifai, da irinsu muke gogewa."

Glenys ta zauna a hannun kujera. Abin da ta hana Barry ya yi a rana ɗaya, ita ta yi shi da hannunta, a hankali, tana goge masa ƙura kullum safiya. Ko kuka ya ƙi fitowa.

Sai ta ji ana buga gwiwa. Wilf ne. Ya ga faifai na juyawa, ya lumshe ido, hannuwansa biyu na kaɗa cinyoyinsa, ƙafa na taka kafet, bai kuskure ko bugu ɗaya ba. Hawaye na bin kumatunsa yana murmushi.

"Kin ji shi, Glen?" ya ce da ƙarfi irin na kurame. "Ta huɗu ce wannan. Ke ya yi wa. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, wai sai kin ji da kunnenki."

Sten ya kai hannu zai kashe na'urar. Ta riƙe masa wuyan hannu.

Wilf ya buɗe ido yana neman bakinta. "Me ma yake cewa a farko? Ni kiɗan kawai na riƙe, kalmomin sun gudu. Faɗa min, Glen."

Ta matso, ta juyo da fuskarta sosai inda zai gani.

"Yi min shiru, tsoho," ta ce. "Kana hana ni ji."

Ya yi shiru. Suka zauna su uku har zaren ya ƙare.