Hantar Sulong

Ƙanena Sulong ya shekara talatin yana tatsar madarar kwakwa a kasuwar Kuala Terengganu, kuma ban taɓa ganin ya sayar da kwano ɗaya bai kurɓa ba. Wai inganci yake dubawa. Rumfata ta busasshen kifi tana jikin tasa, saboda haka a kan idona tumbin nan ya girma har ya soma riga shi shiga masallaci.

Ana nan sai 'yarsa Rohaya ta kwanta, idanunta suka yi ɗorawa. Likitoci a Kuala Lumpur suka ce hantarta ta gaza, sai an yanki wani ɓangare na hantar ɗan'uwa an dasa mata. Jinin uban kaɗai ya dace. Da aka haska cikinsa, likita ta ce hantar tasa duk maiƙo ce.

To, a yarenmu na nan kalma ɗaya ce hanta da zuciya, kuma duk abin da muka ce yana da maiƙo yabonsa muka yi. Sulong ya washe baki.

"Na gode, Likita. Haka mutane ke faɗa."

"Kai, sakarai, ba yabonka take ba!" na ce masa. "Cewa ta yi ba za a sa wa Rohaya wannan ba."

Wallahi sai da na yi nadamar kaifin bakina.

Aka ba shi wata huɗu ya rage kitsen hantar, da wata 'yar ƙwaya ta masu suga. Satin farko da shayi mai madarar gwangwani yake kora ta, yana cewa, "Yaya, ai ita za ta yi aikin." Sai da likita ta zaunar da shi ta ce ƙwayar hana hanta yawan zubo suga take yi, amma kitsen nan ƙafafunsa ne za su ƙone shi.

Daga ranar, da an idar da Asuba sai bakin teku, yana tafe yana huci. Masunta na ɗaga murya, "Sulong, wa ya biyo ka?" Ko waiwaye ba ya yi. Ɗanɗanon madara kuwa ni ya bar wa, kada wanda ya tambaye ni nauyina yanzu.

Ranar komawa asibiti, zanensa, irin wanda mazan nan ke ɗaurawa, sai da ya zagaye shi kusan sau biyu. Likita ta daɗe tana kallon sabon hoton hantar. Can ta ce, "Ta yi. Ran Talata za mu shiga tiyata."

Na zaci zai yi kuka, don ni na riga na fara. Sai ya matso da kujerarsa, ya sa yatsa a kan hoton.

"Likita, don Allah ki zaɓar mata gefen da ya fi kyau. Ni ko me ya rage zan yi maneji."