Mai Tsaye Bayan Ƙofa

Malam Duhu ya kashe mutane da yawa a rayuwarsa, kuma duk a kan takarda ya kashe su, da rana tsaka, taga a buɗe, fitila a kunne. Masu karanta littattafansa ne suka laƙaba masa sunan. A zatonsu wani dogon mutum ne mai jajayen idanu da ke kwana a maƙabarta. Da za su gan shi da sun nemi wani sunan: gajere ne mai tumbi da sanƙo, wanda ko ƙadangare ya gifta ta gabansa sai ya yi salati. Tun yana yaro haka yake. Yayyensa kan aike shi ɗaki ɗauko abu don kawai su ji ihunsa, shi kuwa bai taɓa ba su kunya ba.

Da ya girma ya sami aiki a wata maɗaba'a, yana gyara kurakuran rubutun wasu. Ya so ƙwarai ya rubuta nasa, amma duk labarin da ya fara sai ya fito salam, ba gishiri. Ana nan aka yi masa aure. Wata safiya ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, ashe amarya na bayanta tana neman tsintsiya, sai atishawa ta kufce mata. Malam ya kurma ihun da ya sa maƙwabta fitowa da taɓare. Da hankalinsa ya dawo, ya zauna ya ja takarda, bai tashi ba sai la'asar. Abin da ya rubuta ran nan shi ne farkon littafinsa na farko, labarin wata mata da ke numfashi a cikin bangon gida. An ce akwai wanda ya karanta ya sayar da gidansa.

Daga nan suka gane yadda abin yake. Malam ba ya iya rubutu sai an firgita shi, firgita ta gaske, kuma ba wanda ya iya firgita shi kamar matarsa. Ita kuwa Inna, haka kowa ke kiranta, ta ɗauki abin a matsayin aiki, ba wasa ba. Ta ɓuya a bayan ƙofa, ta ɓuya a ƙarƙashin gado, ta ɓuya a cikin kabad ɗin kaya tsakanin rigunansa. Takan tsoma hannu a ruwan ƙanƙara ta zo ta shafa masa ƙeya yana aski. Akwai shekarar da ta yi ta matsar da kujerarsa kaɗan-kaɗan kowace safiya, har ya rantse ɗakin ne ke tsukewa, aka samu littafi guda. Akwai shekarar da ta riƙa rage masa faɗin riguna a kan keken ɗinki a ɓoye, ya yi zaton wani abu ne ke girma a cikinsa, aka samu wani. 'Ya'yansu sun tashi suna ganin haka kowane gida yake. In baƙo ya zo ya tambayi Inna, sai yaro ya nuna kabad ya ce, "Tana aiki."

Ba ta taɓa karanta littafinsa ko ɗaya ba. Ta ce ba ta son abin tsoro.

Da sunansa ya fita, sai ya bar maɗaba'a ya buɗe ajin koyar da rubutu a wani ɗaki a saman asibitin haƙori. Ya zaɓi wurin ne saboda kukan injin likita da nishin marasa lafiya da ke hawowa ta ƙasa, wai yana taimaka wa ɗalibai. Dokarsa ɗaya ce, ita ce kuma darasin farko da na ƙarshe: kada ka rubuta abin da bai tsorata ka ba. Ɗalibi in ya kawo labarin aljani mai kai bakwai, Malam zai tura tabarau kan hanci ya ce, "Ka taɓa ganinsa? To me kake tsoro kai?" In ɗalibi ya yi ta kame-kame har ya ce shi dai surukarsa yake tsoro, sai Malam ya buga tebur ya ce, "Yawwa! Je ka rubuto ta." Ta haka mutane da dama suka bi ta hannunsa. Wasu sun zama marubuta, wani ya saki rubutun ya je ya shirya da surukarsa.

To, amma shekaru ba su bar kowa ba. Yara suka watse gidajensu. Gwiwoyin Inna suka fara ƙara, ta koma shafa man zafi safe da yamma. Malam tun daga bakin ƙofar gida yake jin ƙamshin man, ya san inda take. In ta shiga kabad sai ya ji ƙas-ƙas na gwiwa, in ta shiga ƙarƙashin gado sai ya zo ya jawo ta da kansa. Ta yi tsalle ta ce "Wa!", shi kuwa ya ce, "Sannu, Innar yara." Ba ya firgita, don haka ba ya rubutu. Littafin da ya ce shi ne zai zama na ƙarshe ya tsaya cak a tsakiya, da gawa kwance a falo ba wanda ya san abin da za a yi da ita.

Abin ya dame shi, amma ya fi damun Inna. Mace ce da ba ta taɓa aikin ofis ba, ba ta taɓa sayar da ko allura ba. Wannan ne aikinta, kuma ta san ta iya shi. Wata rana ta yi rabin yini a bayan labule, ƙafafunta suka kumbura, Malam ya shigo ya ɗaga labulen ya miƙa mata kujera. Haushi ya kama shi, ya faɗi maganar da bai kamata ba.

"Ki haƙura haka nan. Kin tsufa, na gane duk dabarunki."

Inna ta dube shi ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ita dai a duniya ba abin da take kiyayewa kamar wannan ɗankwali. Ko daga ƙarƙashin gado aka jawo ta, yana nan daram, kuma ba baƙon da ya taɓa ganin gashin kanta.

"Malam," ta ce, "wallahi sai na firgita ka. Ka rubuta ka ajiye."

"In na iya rubutu ai da ba mu kai nan ba," in ji shi.

Ba a daɗe ba likitan haƙori ya sa a yi wa benen fenti, sai Malam ya kwaso ajin zuwa falon gidansa. Ɗalibai uku ne a lokacin: wani direban tasi da ke rubuta labarin fasinjan da ba ya sauka, wani mai kemis, da wani tsohon akawun kotu mai yawan gardama. Duk sun sha jin labarin Inna a bakin Malam, don ya mai da ita darasi. Suka zauna a ɗarare, kowa na leƙen bayan kujerarsa. Malam ya ce su kwantar da hankali, ta daina tasiri.

Ana tsakiyar darasi, wajen azahar, Inna ta fito daga kicin ɗauke da tire da kofunan shayi. Ta yi taku kaɗan, ta tsaya, ta buɗe baki kamar za ta yi magana. Tiren ya suɓuce, kofuna suka tarwatse, ita kuma ta sulale ta faɗi a gefen tebur.

Direban tasi ya miƙe zumbur. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Zauna. Ku duba da kyau, yau kun yi sa'a. Wannan ita ake kira gawar falo. Tsohuwar dabara ce, ta yi mini ita tun muna gidan haya."

Ɗalibai suka gyara zama, suka ciro alƙalami.

"Ku lura da kofunan," in ji Malam, yana zagaya ta da hannu a baya. "Ta fasa na gaske don a yarda. Wannan sadaukarwa ce, marubuci ma haka ya kamata ya yi. Amma dubi ƙafar hagu. Gawa ba ta lanƙwasa ƙafa haka. An yi gaggawa a nan."

"Ni dai, Malam, na ga kamar ta yi kyau," in ji akawun kotu. "Dubi yadda leɓenta ya canza launi."

"Shuni ne. Tana da shi a kicin."

Mai kemis ya ce gaskiya numfashin ma ta iya ɓoye shi, ya fara tafi, sauran suka taya shi. Malam ya sunkuya yana murmushi ya ce, "To, Innar yara, an yaba. Tashi haka nan, shayi na shiga miki riga."

A nan ne idonsa ya kai kanta. Ɗankwalin ya zame, yana can gefe cikin ruwan shayi. Furfurarta duk a waje, kitson ya tsufa, ga maza uku baƙi suna kallo. Malam ya san matarsa za ta iya fasa kofi, za ta iya shan shuni, za ta iya kwana a kabad. Amma ko don littafi ɗari ba za ta kwanta gaban baƙi kai a buɗe ba.

Bai yi ihu ba. Mutumin da ya yi wa atishawa ihu har maƙwabta suka fito, ran nan murya ta ƙi fita. Ya durƙusa cikin fasassun kofuna, ya ɗauki ɗankwalin a jiƙe ya rufa mata, yana ta ƙoƙarin ɗaurawa hannu ya ƙi. Direban tasi ne ya ture shi ya ce a kama ta, mota na waje.

A asibiti aka ce zuciya ce, kuma da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Malam ya zauna a kan benci a baranda, gwiwoyinsa na zubar da jini bai sani ba. Tsoro ya sha ji a rayuwarsa, har ya ci abinci da shi, amma wancan duk mai daɗi ne, irin wanda ake gama ihu a yi dariya. Wannan ba dariya a bayansa. Tunani ɗaya ke yi masa yawo: ya koma gida ya tura ƙofa, ya leƙa bayanta, ba kowa.

Da ta farfaɗo aka bar shi ya shiga. Tana kwance, an sa mata robar iska a hanci, wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata ɗankwali a karkace. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, ka ji tsoro?"

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya tuna rantsuwar da ta yi. Ya san halinta sarai: ba ta barin aiki a rabi, amma in ta gama takan naɗe hannu ta huta. Shi kuwa ba ya son ta huta.

"Ko kaɗan," ya ce. "Ƙafar hagu ta tona ki. Sai kin dawo gida kin sake."

Inna ta kalli wandonsa da jini ya ɓata. Ta lumshe ido ta ce, "Za ka gani."

Ɗalibai sun yi ta jiran littafin da zai fito daga wannan rana, don a bisa dokar Malam ya kamata ya fi duk na baya. Bai rubuta ba. Akawun kotu ya tsare shi da gardama a aji, ya ce Malam ya karya dokarsa da kansa. Malam ya ce e, ya karya, a buɗe shafi na gaba. Gawar nan ta littafin ƙarshe har yau tana kwance a falo.

Inna ta dawo gida da sandar dogarawa mai roba a gindi. Likita ya hana ta kabad da ƙarƙashin gado, saura bayan ƙofa kawai, nan ma Malam ya ajiye mata kujera ya ce wai ta rataye hula ce. Kullum in ya taso daga aji, tun daga waje yake jin man zafi. Yana shigowa yake hango gindin sandar ya leƙo ta ƙasan ƙofa. Sai ya tsaya ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara riƙon jakarsa yadda za ta faɗi da ƙara, ya tura ƙofar a hankali don kada ta buge mata gwiwa.

"Wa," in ji Inna daga kan kujera.

Malam ya saki jaka ya kurma ihu iya ƙarfinsa. Maƙwabta sun daina fitowa da taɓare. In sun ji, sai su ce Inna na nan lafiya.