Hasumiyar da Yaya Hamidu Ya Hana Mu Ƙarasawa

Bana shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hamidu makwancinsa. Allah Ya jiƙansa. Ni ƙanensa ne, kuma akwai maganar da ta daɗe tana cina.

Gidanmu a N'Djamena mahauta ne kaka da kakanni. Yaya kaɗai ya yi lakwal, wato boko, ya ƙare a zanen taswirar da matuƙan jirgin sama ke bi su sauka. Da alƙalami da tawada ya fara, taswira ɗaya sai ta ci masa wata guda. Da kwamfuta ta zo bai ƙi ta ba, ya koye ta da furfurarsa. Abin da ya ƙi shi ne a dogara da hoton tauraron ɗan'adam ba a taka ƙasa ba. Yakan ce hoto na jiya ne, magina kuwa yau suke aiki.

Lokacin ni ne shugaban kwamitin masallacinmu, muna ta ɗaga hasumiya don ta zarce ta maƙwabta. Kwamfutar ofishinsu ba ta nuna akwai wani dogon gini a wurin ba. Shi ko sai ga shi da na'urar awo bayan sallar Juma'a, a bainar jama'a. Ya auna, ya ce mun kusa shiga hanyar jirgi, kuma sai ya kai rahoto. Na ja shi gefe na roƙe shi ya rufa mana asiri, ai naka sai naka.

"Sale," in ji shi, "waɗanda ke cikin jirgin ba su san ni yayanka ne ba. Zanena suka sani."

Aka dakatar da gini, aka ɗora jar fitila a kai don jirage su gani. Unguwa ta sa masa suna yaron Nasara. Ni kuwa, da shegen taurin kaina, shekara biyu ban taka ƙofarsa ba.

Yau matuƙi a ɗan allon kwamfuta yake duba taswira, eriyoyin waya kuma kullum sai tsirowa suke a unguwar Atrone. Da yana raye, na san zai yaba saurin aikin, sannan ya tambayi wanda ya je ya gani, don gani ya kori ji.

Mun shirya kafin ya rasu, amma girman kai bai bar ni na ce ya yi gaskiya ba. Bara na fara hawa jirgi. Muna saukowa daga aikin Hajji na leƙa ta taga, na ga kan hasumiyarmu ya wuce ƙarƙashin fiffike, kusa ƙwarai. Hawa biyu muka so ƙarawa. Nan na faɗa wa Yaya da ƙarfi cewa ya yi gaskiya, har alhajin da ke gefena ya tambaye ni da wa nake.